Manhajar Da Ba Ta Haɗuwa Sai A Kwamfutar Mai Ita

Akwai wata 'yar manhajar waya da nake kula da ita, ta wata ƙungiyar manoman shinkafa a wani ƙauye da ke fadamar Auyo, nan Jigawa. Ba wata abar a-zo-a-gani ba ce. Aikinta riƙe lissafi: wa ya karɓi taki buhu nawa, wa ya ɗauki iri, wa ya biya bayan girbi, wa ya ce a yi masa haƙuri sai noman rani ya nuna. Tana zaune a wayar magatakardan ƙungiyar da wayoyin wasu mutum uku. Shekara biyu ni kaɗai nake taɓa ta. Da aiki ya yi mini yawa, sai na roƙi wata ɗaliba da ta dawo hutu daga karatun kwamfuta a Kazaure ta kama mini. Na ba ta adireshin rumbun kod ɗin, wato wurin da rubutun manhajar ke ajiye a intanet, na ce ta sauke, ta haɗa, ta fara da gyaran wasu kalmomi. A raina aikin yamma ɗaya ne.

Kwana huɗu ban ji ɗuriyarta ba. Da na kira, sai ta ce, "Malam, ina nan ina ƙoƙari." Duk wanda ya san mutanenmu ya san fassarar wannan magana. Ko layi ɗaya ba ta gyara ba. Manhajar ta ƙi haɗuwa a kwamfutarta, datarta ta ƙare sau biyu, kuma nauyi ya hana ta ce mini takardar bayanin da na rubuta ba ta aiki. Takardar kuwa layi uku ce: a sauke Android Studio (manhajar da ake rubuta manhajojin Android da ita), a buɗe foldar, a danna koren maɓalli. A kwamfutata wannan tsagwaron gaskiya ce. A tata kwamfutar kuma ƙarya ce daga farko har ƙarshe.

Bari mu fara da abin da ke ƙarƙashin koren maɓallin nan. Abin da mai rubuta manhaja ke rubutawa ba shi waya ke karantawa ba. Tsakaninsu akwai tafiya, irin wadda ke tsakanin shanshera da shinkafar da ake dafawa: a jiƙa, a yi gumi, a shanya, a kai injin casa, a sheƙe, a zuba a buhu. Kowane mataki yana jiran na bayansa, kuma in ka kai wa inji wadda ba ta bushe ba, gari za ka kwasa. Haka kod yake. Sai an ɗebo kayan aro, wato guntayen manhajoji da wasu suka rubuta kake dogaro da su. An fassara rubutun zuwa harshen na'ura. An haɗa shi da hotuna da kalmomin da mai amfani zai gani. An ƙunshe su a fayil ɗaya. An sa masa hannu. Rubutaccen tsarin da ke gaya wa kwamfuta waɗannan matakai, da wanda ke gaba da wanda ke baya, shi ne tsarin harhaɗawa.

Kakan wannan sana'a shi ne make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs ta Amurka a 1976. Abin da ya haifar da shi abin dariya ne da har gobe yake faruwa: wani abokin aikinsa ya ɓata safiya guda yana farautar kuskuren da tuni an gyara, ashe fayil ɗin da aka gyara ne ba a sake fassara shi ba. Dabarar make mai sauƙi ce. Ka gaya masa wannan abu daga waɗannan ake yin sa, ga kuma yadda ake yi. Shi kuma sai ya duba lokacin da aka taɓa kowane fayil. In uwar ta fi ɗan sabunta, ya sake yin ɗan, in ba haka ba ya wuce. Shinkafar da ta riga ta bushe ba a mayar da ita tukunya. A cikin make ɗin kuma akwai wani tabo da ya isa darasi: dole layin umarni ya fara da maɓallin Tab, in ka sa sarari na yau da kullum ya tsaya, alhali a ido ba ka bambance su. Feldman da kansa ya faɗa daga baya cewa bai gyara ba ne saboda a lokacin ya riga ya sami masu amfani da shi kamar dozin guda, ba ya son ya ɓata musu aiki. Yau kusan shekara 50 ke nan sabbin shiga na tuntuɓe a wurin nan.

Bayansa 'ya'ya da jikoki suka biyo: Autoconf a 1991, CMake da Ant a 2000, Maven a 2004, sai Gradle wanda Google ta ɗora Android Studio a kansa a 2013, da Bazel da ta fitar wa duniya a 2015. Ba tarihinsu na zo bayarwa ba. Abu ɗaya nake so a lura da shi: kowane sabo yana ɗauke wa mutum aiki fiye da na bayansa, kuma abin da aka ɗauke maka, ka daina ganinsa. Koren maɓallin nan yana tayar da ayyuka masu yawa a jere, yana leƙa intanet, yana karanta fayilolin da ba sa ma cikin rumbun. Muddin komai na tafiya, ba ruwanka. Ranar da ya tsaya, wanda bai san abin da ke ciki ba ya zama kamar direban da bai taɓa buɗe bonet ba, mota ta mutu masa tsakanin Kafin Hausa da Hadeja da daddare.

To me ya sa takardata ta fito layi uku? Ba ganda ba ce kaɗai, ko da yake akwai ta. Babban dalilin shi ne, mai gida ba ya ganin ramin da ke ƙofar gidansa. Ƙafarsa ta haddace shi, ko cikin duhu tsallakewa take yi. A shekara biyun nan kwamfutata ta tara abubuwan da na manta ranar da na sa su: sigar Java da ta dace (Java ita ce manhajar da Gradle ke gudana a kanta, siga kuma lambar fitowarta), kayan Android da aka sauke tuntuni, wani fayil mai suna local.properties da ke nuna inda suke wanda ba a sa shi a rumbu, da ma'ajiyar Gradle cike da kayan aro. Rabin tsarin harhaɗawar yana cikin rumbu inda kowa zai gani, rabi yana cikin kwamfutata da kaina. Wannan rabin na biyu shi ne aikin takardar bayani. Kuma mai shi ne mafi rashin dacewa ya zaƙulo shi shi kaɗai, domin duk abin da ya saba da shi ba ya ganinsa a matsayin mataki.

Saboda haka na kira ta, muka zauna a zauren gidan yayanta inda akwai sola, na ce ta fara daga farko ina kallo. Abin da zan faɗa daga nan, bin sawun tuntuɓenta ne.

Na farko siga. "A sa Java" ba bayani ba ne. Kayan harhaɗa Android na Gradle tun daga siga ta 8, wadda ta fito a 2023, JDK 17, wato kayan Java siga ta 17, suke buƙata. Siga ta 7 kuma JDK 11. Ita tana da wata tsohuwar Java da ta saka don aikin makaranta, kuma ita tagar umarni, inda ake buga wa kwamfuta umarni a rubuce, ke ɗauka. Takarda ta gari tana faɗin lamba, sannan ta faɗi umarnin da mutum zai buga ya ga wace ce a kwamfutarsa, da abin da ya kamata ya gani. Wannan ba ƙirƙirata ba ce. Masu kula da zuciyar Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, suna da fayil, changes.rst, mai jerin kowane kayan aiki, da mafi ƙarancin sigar da ake karɓa, da umarnin dubawa a gefensa. In aikin da dubban ƙwararru ke taɓawa bai raina rubuta wannan ba, ni da 'yar manhajar takina ba ni da hanzari.

Na biyu shi ne wanda takardun da ake rubutawa a Turai da Amurka ba sa damuwa da shi, mu kuwa shi ne kan gaba: nawa abin zai ci? Android Studio kaɗai ya haura gigabait ɗaya. Kayan Android da yake ɗebowa bayan an saka shi sun ƙara wasu gigabait. Gradle kansa ya haura megabait 100, kuma kowane aiki na iya neman tasa sigar daban. Sannan kayan aro. Mutumin da ke sayen data da kuɗin aljihunsa, yana ɗaura waya a tagar ɗaki don ta kama sabis, haƙƙinsa ne a gaya masa wannan tun a layin farko, kafin ya danna komai. A gaya masa kuma harhaɗawar farko ce mai tsada da daɗewa, ta biyu ba haka take ba, don kada ya ga allo ya yi shiru ya zaci ta mutu ya kashe. A gaya masa ya fara da cikakken caji. Masu Android Studio suna neman ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8. Da yawa daga kwamfutocin hannu na biyu da yaranmu ke saya 4 gare su. Ana iya lallaɓawa, amma sai an faɗi yadda: a bar wayar kwaikwayo da ke cikin kwamfuta, a gwada a waya ta gaske, a rufe burauza, a harhaɗa daga tagar umarni da gradlew, umarnin da ke tayar da Gradle.

A nan ne ma takarda ke iya zama sadaka. Gradle na da zaɓin --offline, wanda ke hana shi leƙa intanet, ya yi da abin da ke ma'ajiya. Tun daga siga 6.1 kuma ana iya kwafe ma'ajiyar kayan aron daga wata kwamfuta zuwa wata. Wato abin da ya cinye mata data sau biyu, da filasha ɗaya da minti kaɗan za a gama shi. Na san wannan tun da daɗewa. Ban rubuta ba ne saboda ni ban taɓa buƙatarsa ba. Yanzu a takardarmu hanya biyu ce tun daga sama: ta mai intanet mai ƙarfi, da ta mai filasha, kuma ta filashar ce a gaba.

Sashen da na fi daɗewa a kansa shi ne na saƙonnin kuskure, kuma ina ganin shi ne zuciyar takardar. Sabon shiga ba ya karanta bayani kamar littafi. Yana bin umarni har ya ci karo da jan rubutu, sai ya dawo yana neman jan rubutun nan a takarda. In ya same shi, ya yarda da kai. In bai samu ba, ya ɗauka shi ne daƙiƙi.

Ga irin namu. Sabis ya yanke ana tsakiyar sauke Gradle, rabin fayil ya zauna a ma'ajiya. Daga nan duk sanda aka gwada, sai a ce fayil ɗin a lalace yake, ko da sabis ya dawo garau. Maganin a shiga foldar .gradle, ƙarƙashin wrapper da dists, a goge guntun, a sake. Wanda bai sani ba zai yi ta sayen data yana zargin kamfanin waya.

Ga na agogo. Tsohuwar kwamfuta tana da ɗan ƙaramin batiri a ciki mai riƙe kwanan wata. In ya mutu, babban batirin ma ya ƙare, sai ta farka a wata shekarar da ta wuce. Shaidar tsaro ta shafukan da ake sauke kaya tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, don haka kwamfutar da ke zaune a baya sai ta ga shaidar ba ta fara aiki ba tukuna, ta ƙi saukewa. Saƙon da za ta nuna dogon turanci ne a kan takardar shaida, mutum ba zai taɓa kawo agogo a ransa ba. Masu aiki da make ma agogon nan na rikita su, tunda shi da lokacin fayil yake hukunci.

Sai waɗanda harshenmu ne ya jawo su, kuma babu baƙon da zai rubuta mana su. Ɗalibar ta ajiye aikin a folda da ta sa wa suna "Aikin Ƙungiya". A Windows, kayan harhaɗa Android na tsayawa cak in hanyar foldar na ɗauke da harafin da ba ya cikin baƙaƙen turanci na asali, kuma Ƙ mai ƙugiya na cikinsu. Layi ɗaya ya isa: sunan folda kada ya ɗauki ƙ, ɗ ko ɓ. Bayan mun wuce nan, ta shiga ainihin aikin da na ba ta, gyaran kalmomi a strings.xml da ke foldar values-ha, inda fassarar Hausa take. Ta rubuta "jama'a", harhaɗawa ta faɗi. A wannan fayil alamar hamza tana da aiki na musamman, dole a sa mata karkatacciyar sanda a gabanta ko a kulle jimlar cikin alamar zance. Bature zai ci karo da wannan jefi-jefi. Mu da muke da sa'a da ma'aji da 'ya'ya da addu'a, a kowane layi na uku muke cin karo da shi. A takardar Hausa wannan ba ƙaramin bayani ba ne da za a tura ƙasa. Yana sama, da misali.

A kan harshen takardar kanta, ra'ayina a tsaye yake: bayani da Hausa, amma umarni da saƙon kuskure a bar su yadda na'ura ta rubuta su, harafi da harafi. Wanda ya fassara saƙon kuskure ya yi aikin banza, domin mai nema da asalin rubutun zai nema. Kuma a kwafo shi a matsayin rubutu, ba hoton allo ba. Hoto ba a bincika cikinsa, yana cin data, kuma da an sabunta Android Studio maɓallan sun canza wuri, hoton ya zama labarin bara. Saƙon murya na WhatsApp kuwa, wanda shi ne takardar bayanin yawancinmu, ban ƙi shi don gaisuwa ba. Amma bayanin minti bakwai da aka yi wa mutum ɗaya, ranar da wayarsa ta faɗa ruwa ya tafi.

Mu koma kan kayan aro, waɗanda Bahaushe ya ce ba sa rufe katara. Manhajar zamani kaɗan ne a cikinta na mai ita, sauran duk aro ne, kuma abin da ka aro shi ma ya aro. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya yi fushi da masu kula da npm, rumbun kayan aro na masu rubutu da harshen JavaScript, a kan rikicin suna, ya janye kayansa sama da 250. Cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, amma manyan ayyuka irin su Babel na rataye da shi ta hanyar aron aro. Harhaɗawa ta tsaya a wurare da yawa a duniya har sai da npm ta mayar da shi. Mu 'yan Android namu ya zo a 2021, da kamfanin JFrog ya sanar zai rufe JCenter, rumbun da sabon aikin Android ke zuwa da shi tun daga haihuwa a shekarun baya. Duk wanda ya buɗe tsohon aiki ya ga jcenter a ciki, ya san me nake nufi.

Abin da takarda za ta yi a nan bai da yawa, amma ba a tsallake shi. Ta faɗi daga waɗanne rumbuna ake ɗebo kaya. Ta faɗi a wane fayil aka rubuta sigoginsu. Ta kuma faɗi dokar gida: ba a rubuta siga da alamar tarawa, wadda ke nufin "kawo mini duk sabuwar da ka samu". Mai yin haka, abin da ya harhaɗa yau daban, na gobe daban, alhali bai taɓa komai ba. Shi ya sa npm ta zo da package-lock.json a 2017, Gradle ma yana da nasa kullin. A ɗaure siga, a rubuta wa ke da ikon kwancewa da yadda ake gwadawa bayan an kwance.

Yanzu ga inda takardu masu kyau ma ke gazawa. Suna faɗin me za a yi, ba sa faɗin don me. A fayil ɗin gradle.properties akwai layin da ke ƙayyade ƙwaƙwalwar da Gradle zai ci, kuma a wutsiyarsa akwai ɗan guntun da ke cewa a yi aiki da UTF-8, tsarin haruffa da ya san ƙ da ɗ da ɓ. Da ɗalibar za ta rage ƙwaƙwalwar don kwamfutarta ta numfasa, sai ta sake rubuta layin, ta bar wutsiyar, don ba ta ga amfaninta ba. Komai ya haɗu lafiya lau, ba jan rubutu ko ɗaya. Sai da muka buɗe manhajar muka ga sunayen unguwanni da alamar tambaya a gurbin kowane ƙ da ɗ. Dalili: muna da ɗan mataki a harhaɗawa da ke rubuta jerin sunayen nan a fayil, kuma Java, kafin siga ta 18 da ta fito a 2022, daga kwamfutar da take kai take aron tsarin haruffa. Tawa Linux ce, UTF-8 take bayarwa. Tata Windows ce, tana ba da tsarin da bai san ƙugiya ba. Laifin ba nata ba ne. Layin da ba a faɗi dalilinsa ba, ko dai a goge shi a jawo ɓarna, ko a ji tsoronsa a bar shi har abada ko da ya daina amfani. Dukansu asara ce. Jimla ɗaya a samansa, "kada a cire, shi ke riƙe haruffan Hausa a Windows", ta fi shafi guda na bayanin menene Gradle. Wancan masu Gradle sun riga sun rubuta, sun kuma fi ni iyawa. Nawa shi ne abin da ya keɓanci wannan aikin.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi. Wurin da kowa ke tsoron karantawa, nan ɓarawo ke kwana. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi, sai ya tono ƙofar sirri da aka dasa a xz, kayan matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da shi, a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Ba a cikin kod ɗin da mutane ke karantawa aka ɓoye ta ba. An cusa ta a fayilolin gwaji, aka sa kunamarta a wani fayil na tsarin harhaɗawa, irin wanda ido ke zamewa a kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba na cewa wani zai kai wa lissafin takin ƙauyenmu irin wannan hari. Amma tsarin da aka bayyana kowane mataki da dalilinsa, baƙon layi a cikinsa a fili yake tsayawa.

Abin da ya kusa jawo mana kuka na gaske kuwa shi ne sa hannu. Android ba ta karɓar manhaja sai an sa mata hannu da mabuɗi, kuma ba ta yarda sabuwar siga ta hau kan tsohuwa sai mabuɗinsu ɗaya ne. Mabuɗin da ake gwaji da shi kowace kwamfuta nata take ƙera wa kanta. Mu kuma ba ta Play Store muke rarrabawa ba; fayil ɗin APK, wato manhajar da aka gama ƙunshewa, ake turawa daga waya zuwa waya ta Xender ranar taro. Da ta gama gyaranta, cikin murna ta tura wa magatakarda wanda ta haɗa a kwamfutarta. Da yamma ya kira ni: "Ɗana, wannan abin naku ya ƙi shiga. Yaron mai caji ya ce in goge tsohon tukuna." Na ce, "Baba, don Allah kada ka taɓa komai, ga ni nan zuwa." Shawarar yaron tana aiki, sabuwar za ta shiga. Amma goge tsohuwar na tafiya da duk abin da ke cikinta, wato bashin damina guda na mutanen da da yawansu ba su da wata shaida sai wadda ke wayar nan.

Don haka takarda ta raba gida biyu a sarari: harhaɗawar gwaji, wadda ba ta fita daga hannun mai rubutu, da ta rabawa. Ta faɗi wa ke riƙe da mabuɗin gaske, a ina kwafinsa na biyu yake, da lambar siga da dole a ƙara kafin kowace fitarwa. Mabuɗin da kalmar sirrinsa ba sa shiga rumbu, ba sa shiga takarda; hanyar zuwa wurinsu ce ke shiga. Namu yanzu kwafinsa na biyu na cikin filasha a akwatin da ƙungiya ke ajiye takardunta. Kafin nan a kwamfuta ɗaya yake a duniya, wadda nake goyawa a babur kan hanyar da damina ke cinyewa.

Saura tambayar da ta fi wuya: yaya takarda ba za ta tsufa ba? Kod in ya lalace yana ihu, takarda in ta lalace shiru take yi. Abu biyu suka taimake mu. Ta zauna cikin rumbu ɗaya da kod, a fayil ɗin README, kuma duk gyaran da ya taɓa harhaɗawa ba ya wucewa sai ya zo da gyaran bayaninsa. Sannan muka sa GitHub Actions, hidimar da ke gudanar da aiki a kwamfutocin kamfanin GitHub, ta riƙa harhaɗa aikin a sabuwar kwamfuta fil duk sanda aka tura gyara. Na'urar nan ba ta da ma'ajiyata, ba ta da abin da ke kaina, ba ta kuma jin kunyata. In mataki ya ɓace, faɗuwa take yi. Datar saukewar ma a can ake cin ta, ba a nan ba. Sai dai ba ta maye gurbin mutum. Agogonta daidai yake, sabis ba ya yanke mata, ba za ta taɓa sa wa folda suna da ƙ ba.

Gwajin gaske mutum ne sabo, da kwamfutarsa, mai takarda kuma na zaune a baya ya kame bakinsa. Kame bakin nan ya fi komai wuya, domin da ka ga ya karkace harshenka zai yi ƙaiƙayi. Ka bar shi. Duk inda ya tsaya ya waiwayo, ka rubuta wurin. Kuma a wajenmu sai an yi da dabara, saboda ƙarami ba ya ce wa babba "bayaninka bai fita ba"; cewa zai yi "na gane" ya tafi gida ya sha wahala. Sai ka faɗa masa tun farko cewa takardar ake jarrabawa, ba shi ba, kuma aikinsa na farko a rumbun shi ne gyara ta. Kwana uku kawai idonsa zai yi yana gani. Bayan nan shi ma ƙafarsa ta haddace ramin.

Na ga wannan da idona. Da hutun ya ƙare, kafin ta koma Kazaure, muka samo wani yaro ɗan maƙwabta da ya gama sakandare yana sha'awar abin. Ita ta zauna a baya wannan karon, da takardar da yawancinta ita ta rubuta. Ya bi hanyar filasha, bai kashe data ba. Ya duba Java, ya duba agogo, ya sa wa folda suna ba ƙugiya. Kafin la'asar manhaja ta haɗu. Sai ya jona wayarsa don ya gani, kwamfuta ta ce ba ta ga waya ba. Ita ce ta fara tunawa: ba mu rubuta cewa sai an shiga saitin waya an danna lambar ginin sau bakwai, sashen masu rubuta manhaja ya buɗe, an kunna izinin USB ba. Ni da ita duka mun yi wannan tuntuni mun manta. Ya yi, har yanzu shiru. Muka sake direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane waya, muka sake ramin USB, muka kashe muka kunna. Ana kiran magariba yayanta ya shigo, ya ɗaga igiyar ya duba, ya ce ai wannan irin ta 'yan tebur ce ta ranar kasuwa, wuta kawai take kaiwa, ba ta ɗaukar fayil. Ya ciro tasa daga aljihu, wayar ta bayyana nan take. Yaron ne ya rubuta layin da hannunsa, a ƙarƙashin na agogo, shi ne kuma gyaransa na farko da ya shiga rumbun.